Darasi na 17: Funfunar da ke Ɓoye Cikin Itatuwan Magani

Kowa ya san funfuna. In tuwo ya kwana biyu a rufe da damina, mu kan ga wani abu fari-fari ko kore-kore ya lulluɓe shi kamar auduga. Ita ce funfuna. Ta kan kama masarar da ba ta bushe ba, da burodi, da takalmin fata da aka manta a ɗaki mai laima. Laimar kwaɗin nan da ke tsirowa a kan juji bayan an yi ruwa, 'yar'uwarta ce. Haka kuma yis ɗin da masu burodi ke sa wa ƙullu ya tashi. Duk dangi ɗaya ne. Ba su iya yin abincin kansu da hasken rana kamar yadda gero da dawa ke yi. Sai sun sami abin da za su raɓa su ci.

Mun saba ganin funfuna a kan abin da ya lalace, saboda haka da an ambace ta sai mu tuna da ruɓa. Amma akwai wata irin funfuna wadda ba mu taɓa gani ba, ko da ya ke kullum muna wuce ta a hanyar gona. Tana zaune a cikin itace mai rai, mai lafiya, mai ɗanyen ganye. A kanta za mu yi karatu yau.

BAƘUWAR DA BA A GANI

Ku ɗauki ganyen darbejiya, ko sassaƙen maɗaci, ko saiwar baushe. Ku duba da kyau. Ba za ku ga kome ba sai ganye da ɓawo da saiwa. Amma in aka yanka siriri ƙwarai, aka sa a ƙarƙashin madubin nan na likita mai ƙara girman abu, a kan ga waɗansu zarurruka sun ratsa cikin naman ganyen. Sun fi saƙar gizo sirantaka. Jikin funfunar ke nan. Kusan kowane tsiro da masana suka bincika sun tarar da ita a ciki, sau da yawa ma iri-iri a ganye ɗaya.

Kada ku ɗauka irin su kauci ne ko ƙuduji. Kauci muna ganinsa da ido a kan reshe, yana tsotsar itacen. Ƙuduji kuwa kowane manomi ya san ɓarnar da ya ke yi wa dawa. Wannan baƙuwar ba ta nuna kanta, mai masaukinta kuma ba ya nuna alamar ciwo. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Anton de Bary, shi ya raɗa wa irin waɗannan suna a cikin 1866. Ma'anar sunan ita ce mai zama cikin tsiro. Mu a nan za mu kira ta funfunar ciki.

To, ta yaya aka tabbata daga ciki ta ke, ba ƙura ce ta kwanta a kan ganyen ba? Ga yadda a ke yi. A kan tsinko lafiyayyen ganye, a wanke shi sarai. Sa'an nan a tsoma shi cikin sifirit, a kuma tsoma cikin ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye da tsabtataccen ruwan da aka dafa. Duk abin da ke bayan ganyen ya mutu ke nan. Sai a yayyanka shi ƙanana, a jera cikin farantin gilashi mai murfi, a kan wani abinci mai kama da daskararren kunu, wanda a kan yi da ruwan dankalin Turawa da sukari. A rufe, a ajiye. Bayan 'yan kwanaki sai a ga zare yana fitowa daga bakin yankan, wani fari, wani baƙi, wani ja-ja. Kowane iri a raba shi da ɗan'uwansa, a rene shi shi kaɗai, daga baya a tace abin da ya ke fitarwa a gwada. Aiki ne na haƙuri, kamar renon 'yan tsaki.

ABIN DA TA KE BIYA

Itace na ba funfunar ciki wurin kwana da abinci. Ita kuwa me ta ke biya? Ga labari biyu, duka daga Amurka.

A can akwai wani babban gandun daji da a ke kira Yellowstone, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ƙasar wurin ta kan yi zafi ƙwarai, amma akwai wata ciyawa da ke tsira a kanta. A cikin 2002 masana suka ba da labarin gwajin da suka yi mata. Suka raba ciyawar da funfunarta, suka zafafa su. Ciyawa ita kaɗai ta bushe. Funfuna ita kaɗai ta mutu. Amma sa'ad da su ke tare, sun jure zafin da ya kai 65 a ma'aunin zafi. Ku tuna, zafin jikin mai lafiya 37 ne, ruwa kuwa ya kan tafasa a 100. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan.

Labari na biyu ya shafi makiyaya. Manoman Amurka sun shuka wata ciyawar kiwo a fili mai yawan gaske, domin tana jure fari, ƙwari kuma ba su cika cinta ba. Amma shanun da ke kiwo a kanta ba su ƙiba yadda ya kamata. Nono ya ragu. Ba su jure zafin rana, sai a gan su tsaye cikin ruwa. Da sanyi kuwa waɗansu har kofato ko bakin wutsiya ya kan guntule. An yi shekaru ba a san dalili ba. Sai a cikin 1977 wani masani mai suna Charles Bacon da abokan aikinsa suka nuna akwai funfuna a cikin ciyawar. Tana bin iri daga uwa zuwa 'ya'ya, tana kuwa yin dafi. Aka ce to, a shuka ciyawar ba funfuna. Aka shuka. Shanu suka sami lafiya, amma ciyawar ta yi rauni, fari da ƙwari suka fi ƙarfinta. Ashe baƙuwar da ke cutar saniya ita ce ke tsare ciyawar.

Ku riƙe wannan labari, za mu bukace shi a gaba. Funfunar ciki don kanta ta ke aiki, da mai masaukinta. Ba ta san da mu ba.

ITACEN YU

Akwai wani itace a dazuzzukan yammacin Amurka, Turawa na kiransa yu. A cikin 1962 aka sassaƙi ɓawonsa aka kai ɗakin bincike. Daga cikinsa aka fitar da wani magani mai suna taksol, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a ba masu ciwon daji a cikin 1992. Har yau asibitoci na aiki da shi. Amma da farko an sha wuya. Itacen ba ya girma da sauri, maganin da ke cikin ɓawon ɗan kaɗan ne, in kuwa aka ɓamɓare ɓawon itacen ya mutu. Sai an kashe itatuwa da yawa kafin a sami abin da zai ishi marasa lafiya kaɗan.

Waɗansu masana uku a Jihar Montana, watau Andrea Stierle da mijinta Donald da Gary Strobel, suka yi wani tunani. Mu kan ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ko funfunar da ta daɗe cikin wannan itace ta ɗauki sana'arsa? In haka ne, sai a rene ta a tukunya, a huta da kashe itace. A cikin 1993 suka ba da labarin sun sami wata funfuna a ɓawon yu wadda ke yin taksol.

Labari ya bazu ko'ina. Sai dai abin da aka auna ɗan mitsitsi ne, bai taka kara ya karya ba. A cikin 2013 kuma waɗansu masana a Jamus suka sake gwaji, ba su sami shaidar cewa funfunar na yin maganin da kanta ba. Taksol ɗin da ke asibiti yau daga ganyen yu a ke haɗa shi, ko daga ƙwayoyin naman itacen da a ke reno cikin manyan tankuna. Duk da haka wannan labari ne ya ta da masana tsaye. Tun daga nan suka bazama suna leƙa cikin itatuwan magani na ƙasa ƙasa. A Indiya, inda darbejiya ta samo asali, an fitar da funfuna iri-iri daga ganyenta da ɓawonta da saiwarta. A cikin 2009 aka ba da labarin wata ta cikin saiwa mai yin abin da ke kashe ƙwayoyin cuta a faranti.

Cikin abubuwan da masanan ke nema, biyu za mu duba. Na farko shi ne abin da ke hana tsatsar jiki.

TSATSAR JIKI

Bari mu yi gwaji a nan cikin aji. Malam zai kawo yalo ɗaya da lemun tsami. A raba yalon biyu. A matsa lemun tsami a kan ɓari ɗaya, ɗayan a bar shi haka nan. A ajiye su gefe har mu gama karatu.

A cikin iskar da mu ke shaƙa akwai wani sashi da a ke kira oksijin. Ya kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na iskar. Mutum da dabba ba su rayuwa sai da shi. Amma shi ne kuma ke sa fartanya ta yi tsatsa in an bar ta a raɓa. Shi ke sa farin goro ya yi ja in an ɓantare shi an ajiye. Shi ke sa man gyaɗa ya juya in ya daɗe. A cikin jikinmu ma akwai irin wannan. Jiki na ƙona abinci da oksijin don ya sami ƙarfi, kamar yadda murhu ke cin itace. Murhu kuwa ba ya rasa tartsatsi. Tartsatsin nan na jiki in ya yi yawa ya kan ɓata ƙwayoyin jiki sannu a hankali. Hayaƙin taba ya kan ƙara shi, haka ma hayaƙin murhu a ɗakin da ba taga. Wannan ɓarna ce za mu kira tsatsar jiki. Misali ne kawai, kada wani ya zaci jan ƙura irin ta ƙarfe ke taruwa a cikinsa.

Jiki na da nasa abin kashe tartsatsin. Yana kuma samun ƙari daga abinci, kamar zogale, da alayyaho, da tumatir, da gwanda, da mangwaro, da 'ya'yan kuka. Bitamin C da ke cikin lemun tsami ɗaya ne daga cikin masu wannan aiki.

Itace ma na fama da tartsatsin, musamman da bazara, sa'ad da rana ta ƙwalle ruwa ya yi ƙaranci. Har ma itace ya kan watsa shi da gangan a kan abin da ya kutsa jikinsa. Saboda haka masana na ganin funfunar da za ta zauna a ciki dole ta iya kashe shi, ta tsare kanta, wataƙila ta taimaki mai masaukin.

Ga misali. Can gabas mai nisa, arewa da Ostareliya, akwai ƙasar Papuwa Niu Gini. A gefen wani kogi mai suna Sepik akwai wani itace wanda danginsu ɗaya da baushenmu. Strobel ɗin nan da abokan aikinsa suka fitar da funfuna daga cikinsa. A cikin 2002 da 2003 suka ba da labarin abu biyu da ta ke yi, isopestasin da pestasin. Ba dole ku haddace sunayen ba. A cikin kwalbar gwaji, duka biyun sun kashe tartsatsi, sun kuma hana waɗansu funfuna masu cuta girma. Abin da za ku lura da shi kalmomi uku ne: cikin kwalbar gwaji.

LINZAMI DA ƘAIMI

Abu na biyu ya shafi garkuwar jiki. A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi, ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ne dakarun jiki. In ƙwayar cuta ta shiga, su kan taru su yaƙe ta. Mugunyar da ke fita daga maruru, yawancinta gawar waɗannan dakaru ce. Allurar rigakafi kuwa horo ne a ke ba su, don su gane abokin gaba tun bai zo ba. Abin mamaki, ɗaya daga cikin makamansu shi ne tartsatsin nan da muka ambata. Da shi su ke ƙona ƙwayar cuta. Kun ga ashe yana da ranarsa.

Masu tallar magani a kasuwa da cikin mota kullum maganarsu ita ce ƙara ƙarfin garkuwar jiki. Amma dakarun nan kamar doki su ke. Wani lokaci ƙaimi su ke bukata, wani lokaci linzami. Akwai cututtukan da dakarun jiki ke juyawa su faɗa wa mai gidansu, kamar wani irin ciwon gaɓoɓi mai kumbura 'yan yatsu har su karkace. Haka kuma in aka dasa wa mutum ƙodar wani, dakarunsa za su ɗauke ta baƙuwa su halaka ta, in ba a ja musu linzami ba. Irin wannan mutum in ka ƙara wa dakarunsa ƙaimi, ka cuce shi.

Wani babban linzami da likitoci ke aiki da shi daga funfuna ya fito. A cikin 1969 wani ma'aikacin kamfanin magani na Suwizalan ya ɗebo 'yar ƙasa a Norwe. Daga funfunar da ke cikin ƙasar aka sami maganin da a ke kira saikulosforin. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a cikin 1983. Tun daga nan dashen ƙoda da hanta da zuciya ya ƙara yin nasara ƙwarai. Dashen ƙoda kuwa ba labarin nesa ba ne, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano an fara yinsa a cikin 2002. Wanda aka yi wa dashe sai ya dinga shan irin waɗannan magunguna muddin ƙodar na jikinsa. Saikulosforin na da nasa lahani. Ya kan taɓa ƙodar kanta, ya kan kuma sa hawan jini. Shi ya sa a ke ta neman wanda ya fi shi sauƙi.

Waccan funfunar ƙasa ce, amma ta sa aka kafa wa 'yan'uwanta na cikin itace ido. A ƙasar Sin akwai wani tsiro mai yaɗo, wanda masu maganin gargajiyarsu suka daɗe suna ba masu kumburin gaɓoɓi, ko da ya ke yana da dafi. A cikin 1995 waɗansu masana a Amurka suka ba da labarin wata funfuna ta cikinsa, da abin da ta ke yi, wanda suka sa wa suna sabgulutinol. A faranti ya hana fararen ƙwayoyin jini hayayyafa, bai kuwa kashe su ba. Linzami ke nan. Akwai kuma waɗansu funfunar ciki masu fitar da wani abu mai yauƙi, wanda ke zaburar da fararen ƙwayoyi a faranti. Wannan shi ne ƙaimi. Tun daga 1995 har yau sabgulutinol bai zama maganin asibiti ba.

DAGA FARANTI ZUWA ASIBITI

Me ya kawo jinkiri? Faranti ba shi da hanta, ba shi da ƙoda, ba ya ɗaukar ciki. Abin da ya yi kyau a faranti sai an gwada shi a kan ɓeraye, sa'an nan mutane kaɗan, sa'an nan ɗaruruwa ko dubbai. Ya kan ci shekara 10 ko fiye, mafi yawansu kuwa a hanya su kan faɗi. Ko fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano daga funfuna a Landan cikin 1928, sai da aka yi fiye da shekara 10 kafin ya zama allura.

Ga abin da ya faru a Finlan. Akwai wani mai hana tsatsa da a ke samu cikin karas da manja. Aka mai da shi ƙwaya mai ƙarfi, aka yi gwaji da maza mashaya taba fiye da 29,000, waɗansu aka ba su ƙwayar, waɗansu ba a ba su ba. Ana sa ran zai rage ciwon daji na huhu. Da sakamako ya fito a cikin 1994, waɗanda suka sha ƙwayar su suka fi kamuwa. Karas da manja ba su da laifi, ku ci abinku. Ƙwayar ce ta yi ɓarna. Saboda haka in mai talla ya ɗaga kwalba ya ce Turawa sun yi bincike, ku tambaye shi a kan wa aka gwada, mutum nawa ne. A ganinmu kuɗin kwalbar gara a sayi zogale da lemu da shi. Wanda kuma ke shan maganin asibiti kada ya bari don wani jiƙo. In yana shan jiƙon, ya gaya wa likita.

Kada kuma wani ya fita daga ajin nan ya ce tun da funfuna na yin magani, abinci mai funfuna ba laifi. Ku tuna da shanun Amurka. A cikin 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Wata funfuna ce ta kama gyaɗar, ta zuba mata dafi. A cikin 2004 irin wannan dafi a cikin masara ya kashe mutum 125 a Kenya. Hanta ya ke ci, in kuma aka daɗe ana cinsa kaɗan kaɗan ya kan kawo ciwon daji na hanta. Dafuwa ba ta kawar da shi. Gyaɗa da masara a shanya su a kan tabarma su bushe sarai kafin a kai rumbu, a tsince waɗanda suka yi funfuna a zubar, kada ma a ba kaji. Saiwa ko sassaƙen da ya yi funfuna a ajiye, shi ma a zubar.

ƁAWON MAƊACI

Irin funfunar da ke cikin itace ta kan bambanta daga itace zuwa itace, daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma tsakanin damina da rani. Itatuwan maganin ƙasarmu kuwa kaɗan ne aka leƙa cikinsu sosai. In itace ya mutu, baƙinsa sun rasa masauki.

Ku dubi maɗacin da ke bakin hanya, yadda masu neman sassaƙe suka yi masa. Abincin da ganye ya haɗa, ta cikin ɓawo ya ke sauka zuwa saiwa. In aka ɓamɓare ɓawo aka kewaye gindin, hanya ta yanke. Saiwa ta mutu da yunwa, itace ya bushe a tsaye. Mai ɗibar sassaƙe ya ɗauki kaɗan, a tsaye daga sama zuwa ƙasa, a gefe ɗaya, ya bar wurin ya warke kafin ya koma. Mai tonon saiwa kada ya kwashe duka, ya kuma mai da ƙasa ya rufe ramin. Inda ganye zai yi aikin, a bar ɓawo.

Kafin darasi mai zuwa, kowa ya ƙidaya maɗacin da ke unguwarsu. Ya rubuta a littafinsa nawa ke da cikakken ɓawo, nawa aka sassaƙa gefe ɗaya, nawa aka kewaye. Za mu haɗa lissafin a kan allo. Yanzu a ɗauko yalon nan a duba, kowa ya rubuta wane ɓari ne ya yi duhu.